Hannu da baki sun shanye, amma ƙafa lafiya lau. Me ya sa?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan Baba ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar asuba, dama yana fama da hawan jini. Hannun dama ya saki, baki ya karkace, magana sai da ƙyar, amma yana takawa har ƙofar gida. Likita ya ɗora biro a kan wani tsagi a hoton ƙwaƙwalwarsa, ta ɓangaren hagu, ya ce a nan abin ya faru. Ni dai gyaɗa kai kawai na yi. Hagu kuma, alhali hannun dama ne? Kuma me ya hana ƙafa shanyewa?

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ina aji huɗu a karatun likita. Fuskar ƙwaƙwalwa kamar gonar da aka yi wa huɗa take, ga kunya ga kwari. Akwai wani dogon kwari da ya gangaro daga tsakar kai ya nufo wajen kunne, ana kiransa kwarin Rolando, da sunan wani masani ɗan Italiya, Luigi Rolando. Kunyar da ke gabansa ita ke ba jiki umarnin motsi, ta bayansa ita ke karɓar taɓawa da zafi.

Wuraren da ke kula da gaɓoɓin a kife suke jere a kan kunyar: ƙafa can sama, hannu a tsakiya, fuska da harshe a ƙasa. Jijiyar jinin da ke shayar da wurin hannu da fuska a ƙwaƙwalwa daban, ta wurin ƙafa daban. Mai yiwuwa ta farkon ce ta toshe. Batun hagu kuwa, jijiyoyin motsi suna tsallakawa ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓangaren hagu ke juya daman jiki. Wurin magana ma a yawancin mutane yana hagu, maƙwabcin na baki, shi ne wani likita ɗan Faransa, Paul Broca, ya bayyana a 1861.

Baban Sadiq, Barnawa:
Ikon Allah. Shekara nawa ina sayen ƙwaƙwalwar rago wurin mahauta, ina ganin lanƙwashe-lanƙwashen nan, na ɗauka ado ne.

Ɗan Kawo:
Ba ado ba ne Alhaji, neman wuri ne a cikin ƙoƙon kai. Kusan kashi biyu cikin uku na fuskar tana ɓoye cikin kwaruruka. Ta ɓera ce sumul.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Na gode ƙanina, yanzu na gane inda biron nan ya nuna. Jiya a wurin gashin ƙashi ya motsa babban yatsa, har ya ɗan riƙe carbi kafin ya suɓuce.