Wace kalma za mu ba "nonviolent resistance" da Hausa?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Abin da aka fi ji a kafafen labarai shi ne "zanga-zangar lumana", amma rigar ta yi wa abin kaɗan. Baƙaƙen fatan Montgomery a jihar Alabama ta Amurka sun yi kwana 381 ba su hau bas ba, daga 5 ga Disambar 1955, bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a bas kamar yadda dokar wariya ta tilasta. Wannan ƙauracewa ce, ba zanga-zanga ba. Ina neman kalma guda da za ta ɗauki ƙauracewa da yajin aiki da zaman dirshan da ƙin biyan haraji, kuma ta shige jimla ba tare da nauyi ba.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Shi kansa Gandhi sai da ya yi wannan nema. Da Indiyawan Afirka ta Kudu suka ƙi dokar rajista ta Transvaal a 1906, sunan da ake kiran abin da Turanci, "passive resistance", yana nufin jurewa ta wanda ba shi da ƙarfi. Bai gamsu ba, ya sa gasa a jaridarsa Indian Opinion. Ɗan'uwansa Maganlal ya kawo "sadagraha", shi kuma ya gyara ta koma "satyagraha", wato riƙe gaskiya gam. Don haka duk kalmar da ke warin rauni a cire ta tun yanzu: haƙuri, kawaici, juriya. Mai haƙuri jira yake yi, waɗannan kuwa su ke tsokano zancen. Ni na kawo "gwagwarmayar lumana".

Alhaji Buba: Me ya hana "bore" ko "tawaye"? Gajeru ne, kowa ya san su.

Barista Zainab: Ranka ya daɗe, tawaye da makami ake saninsa, bore kuma da jifa da ƙone-ƙone. Su ne ma sunayen da hukuma ke so ta laƙaba wa masu wannan aiki don ta sami hujjar murƙushe su.

Dakta Ilyasu: "Gwagwarmaya" ta yi faɗi, Malama, har mai neman abinci gwagwarmaya yake yi. Mu duba yadda abin ke aiki. Mai mulki ba ya tuƙa bas da kansa, ba ya karɓar haraji da hannunsa. Da haɗin kan jama'a yake tafiya, in suka janye shi sai al'amura su tsaya. Gene Sharp, masanin siyasa Ba'amurke, ya lissafa hanyoyi 198 a 1973, ya kasa su uku: nuna ƙin amincewa, janye haɗin kai, da shiga tsakani kamar mamaye wuri. Zanga-zanga tana cikin kashin farko ne kawai, kuma shi ne mafi sauƙin yi wa kunnen ƙashi.

A Montgomery wajen kashi uku cikin huɗu na fasinjojin bas baƙaƙen fata ne, shi ya sa ƙauracewar ta ciji kamfanin. Amma mai aiki dole ya je aiki. Da farko direbobin tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutum a kan kuɗin bas, santi 10, sai hukumar birnin ta yi barazanar hukunta duk wanda ya karɓi ƙasa da kuɗin tasi na doka. Daga nan aka tsara motocin sa-kai kimanin 300, da wuraren ɗauka da saukewa, coci-coci suna tara kuɗin mai. 'Yan sanda suka bi direbobin da tara a kan ƙananan laifuffukan hanya, kamfanonin inshora suka janye, aka nemo inshora daga Landan. Haka aka ci gaba har Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin wariya a bas a Nuwamban 1956. Kalmar da ta dace da wannan ita ce "turjiya". Jakin da ya turje bai yi harbi ba, bai kuma gusa ba. Na kawo "turjiyar lumana".

Barista Zainab: Turjiya na yarda da ita, Dakta. "Lumana" ce ke damuna, don mai jin ta zai ɗauka ba a so hankalin kowa ya tashi. Martin Luther King kuwa a wasiƙarsa daga kurkukun Birmingham ta jihar Alabama a Afrilun 1963 ya jera matakai huɗu: tattara hujja, tattaunawa, tsarkake kai, sannan fita fili. Manufar na huɗun ita ce a takura wa wanda ya ƙi zama teburin sulhu har ya zauna. Mataki na ukun shi ake mantawa. A birnin Nashville na Amurka, wani ɗan gwagwarmaya, James Lawson, ya riƙa horar da ɗalibai kafin zaman dirshan na 1960 a kantunan abincin da ake hana baƙaƙen fata zama: wasu su zauna kamar a kantin abinci, wasu su fito a matsayin farar fata, su zage su, su busa musu hayaƙin taba, su fizgo su daga kujera. Wanda ya kasa daurewa sai a ba shi wani aikin, ba a tura shi kanti. Ƙa'idojin da suka rubuta sun haɗa da: kada ka rama duka ko zagi, kada ka tare ƙofa, ka zauna a miƙe kana fuskantar kanta. Shi ya sa na fi son "turjiya ba ramuwa".

Malam Garba: Barista, hujjarki tana da ƙarfi, amma "ba ramuwa" rabin sharaɗin ta faɗa. Ta hana mayar da martani, ba ta hana farawa ba. Gaskiya ne ramuwa ce ta fi rusa irin wannan tafiya. A garin Chauri Chaura na Indiya a Fabrairun 1922 'yan sanda suka yi harbi, taron ya ƙona caji ofis, 'yan sanda 22 suka mutu, Gandhi ya dakatar da shirinsa na ƙin ba Turawan mulkin mallaka haɗin kai a duk faɗin ƙasar. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. A Albany ta jihar Jojiya, 1961 zuwa 1962, abin ya ci tura ne saboda an nemi komai a lokaci ɗaya, kuma shugaban 'yan sanda Laurie Pritchett ya hana mutanensa duka a gaban kyamara, ya rarraba waɗanda aka kama a gidajen yarin garuruwan kewaye, don haka kurkukunsa bai cika ba. A Birmingham kuwa kwamishinan tsaron birnin, Bull Connor, ya saki karnuka da mesar kashe gobara a kan yara, duniya ta gani, dokar 'yancin ɗan ƙasa ta biyo baya a 1964.

Ga kuma nahawu. A gwada: "dabarun turjiyar lumana", "'yan turjiyar lumana", "sun turje cikin lumana". Duk sun zauna. "Dabarun turjiya ba ramuwa" kuwa sai mai karatu ya ɗauka jimla biyu ce. Tsoron da kike yi wa lumana, ai turjiya ta riga ta kashe shi, tunda ita ce a gaba.

Barista Zainab: Na janye, da sharaɗi ɗaya. Kada a haɗa ta da "civil disobedience", wadda reshe ce kawai. Ita tana buƙatar doka takamaimiya, a karya ta da gangan a idon jama'a, a kuma karɓi hukuncin. Tattakin gishiri na 1930 ke nan: Gandhi da mutum 78 suka tashi daga Sabarmati a Indiya ranar 12 ga Maris, suka yi wajen kilomita 390 zuwa Dandi, ranar 6 ga Afrilu ya ɗebi gishiri a bakin teku alhali gwamnatin Ingila ta keɓe wa kanta yinsa da sayar da shi. An kama mutum wajen 60,000 a abin da ya biyo baya. Ƙin hawa bas kuwa ba karya doka ba ne. A kira "civil disobedience" ɗin "saɓa doka a fili".

Malam Sabo: To, mun tsaya a nan. Uwar kalmar "turjiyar lumana". A ƙarƙashinta zanga-zangar lumana, ƙauracewa, yajin aiki, zaman dirshan, da saɓa doka a fili. "Gwagwarmayar lumana" ta Malama Hadiza a bar ta ga tafiyar gaba ɗaya ta shekaru, kamar ta baƙaƙen Amurka daga Montgomery zuwa Selma da dokar zaɓe ta 1965.

Malama Hadiza: Madalla. Wasu "tirjiya" suke rubutawa. A zaɓi ɗaya a riƙe shi a rubutu guda, ni dai da "u" zan tafi saboda "turje".