Kyamara ta hannu ko na'urar wanke hoto: wacce zan fara saya?

Ɗan Ƙofar Mata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina yawo da wayata ina ɗaukar hotunan titi a cikin birnin Kano, daga marinar Ƙofar Mata zuwa lungunan Kasuwar Kurmi, kuma sha'awa ce kawai, domin ina da aikin da nake ci da shi. Yanzu na tara naira dubu 450, kuma abu ɗaya kaɗai za su iya saya mini. An nuna mini Sony a6000 ta hannu tare da gilashinta na 16-50. Wani aminina kuma ya ce in bar maganar kyamara, in sayi na'urar wanke hoto, ko Epson L805 ko ƙaramar Canon Selphy, in ci gaba da ɗauka da waya.

Abin da ya karkatar da zuciyata zuwa ga na'urar shi ne wani dattijo marini da na ɗauka yana tsamo zane daga ramin baba, hannayensa sun rine har gwiwar hannu. Da na nuna masa hoton a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, wannan ai a aljihunka zai kwana, ni me zan nuna wa jikokina?" Tun daga ranar nake jin nauyin duk wanda na ɗauka ban mayar masa da komai ba. Amma kuma wayata tana gazawa da yamma, kuma bayan la'asar ne haske ya fi kyau a cikin lungu. Ina roƙon waɗanda suka taɓa riƙe ɗaya daga cikin kayan nan su faɗa mini abin da suka gani. Ina ƙara jaddadawa cewa ba aikin biki nake nema ba.

Na Fagge

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ƙara haƙuri ka tara kuɗi ka sayi Canon 5D Mark III da gilashi na 50, domin da ita za ka kama aikin kamu da dina, kuma cikin 'yan watanni kuɗinka ya dawo. Amare ba sa ɗaukar mai ƙaramar kyamara da muhimmanci.

Bazazzage

Jama'a ku zo ku ga abin al'ajabi, yau ga Bakano zai wanke hoto da kuɗinsa ya raba kyauta. Ɗan'uwa, ka binciki asalinka da kyau, ina zaton akwai jinin Zazzau a jikinka. Allah ya ba ka ikon cika wannan niyya.

Tsohon Mai Hoto

Ɗana, niyyarka ta yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Na yi sana'ar nan tun lokacin da fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, mutum ba ya ganin abin da ya yi sai an fito daga ɗakin duhu. Shawarata ita ce ka sayi kyamarar, ka bar wanki a hannun masu wanki. Manyan shagunan da ke da injin wanki na sinadari suna fitar da hoto a kan ainihin takardar hoto, wadda ta fi jure shekaru a kan wadda aka fesa wa tawadar ruwa, musamman idan za a rataye shi a zaure inda rana take shiga.

Sai dai ka kiyaye abu biyu. Kada ka tura musu hoto ta WhatsApp yadda aka saba turawa, domin manhajar tana matse shi, sai ka ga fuska ta fito a dagule. Ka tura shi a matsayin fayil ko ka kai a memori. Sannan ka sani fuskar waya fitila ce, takarda kuwa aron haske take yi, saboda haka hoton da ka gani tas a waya zai fito da ɗan duhu. Ka fara wanke guda ɗaya na gwaji kafin ka ba da sauran.

Baban Ummi

Ɗan'uwa, don Allah ka saurare ni kafin ka miƙa wa kowa kuɗinka a kan kyamara ta hannu. Ni ma kamar kai nake, sha'awa ce ta kai ni. Na sayar da babur ɗina na sayi Nikon D3200 a wani shago da ba zan ambata ba. Mai shagon ya rantse mini cewa daga Ingila ta zo, wata tsohuwa ce take ajiye da ita a akwati. Jikinta fes, babu ko ƙwarzane ɗaya, har igiyar wuyanta sabuwa ce. Ban san a lokacin cewa ana canja robar jiki da igiya ba.

Dalilin gaggawata shi ne mahaifina. Shekara da shekaru yana hawa a cikin tawagar wani hakimi, kuma a shekarar ya ce mana ƙafafunsa sun gaji, daga wannan Hawan Daushe ya ajiye sirdi. Na yi alkawarin zan ɗauke shi a kan doki in sa a babban firem. Na je da wuri na samu wuri mai kyau kusa da Ƙofar Kudu, na ɗauki 'yan bindiga da 'yan lifida, komai lafiya. Da tawagarsu ta doso, na hango shi da farin rawani, ya miƙe a kan likkafa ya ɗaga mashi zai yi jinjina, na danna, sai kyamarar ta yi wata ƙara kamar an taka busasshen kara, ta rubuta saƙon matsala a fuskarta. Na cire batir na mayar, na sake dannawa, shiru. Kafin in zaro waya daga aljihu ƙura ta rufe su sun wuce. Abin da na samu a wayar bayan doki ne da gefen alkyabbar wani.

Da na kai wa mai gyara, ya duba bayanan da ke cikin hoton ƙarshe da ta ɗauka, ya nuna mini cewa ta wuce harbi dubu 100, ma'ana hotunan da ta ɗauka sun haura dubu 100, wato iyakar abin da kamfanin ya gwada ƙofar haskenta a kai. Ashe ta ƙare rayuwarta a hannun wani mai ɗaukar biki. Na koma shagon, mutumin ya ce kayan hannu ba a mayarwa, kuma wa ya sani ko ni na yar da ita. Mahaifina bai kai Sallar da ta biyo baya ba. Kuɗin ba su ne ke ci mini rai ba, wallahi, hoton nan da babu shi ne.

Hajiyar Gwale

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Wallahi na karanta da hawaye.

Bazazzage

Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Shi kuma mai shagon, akwai ranar da za a buɗe littafi.

Bakatsine

Allah ya jiƙansa da rahama. Malam Baban Ummi, ka yi mini uzuri, nawa ka saye ta? Ina tambaya ne saboda an yi mini tayin irinta a kan dubu 180, amma wani abokina ya ce shi dubu 260 ya biya a Abuja. Ita kuma a6000 da ake magana, ban yarda za a same ta lafiyayya a dubu 450 ba, domin ta ƙarshe da na gani an ce sai 520, kuma ba tare da gilashi ba.

Na Fagge

Wanda ya ce maka 520 ya ga baƙo ne. Yarona ya ɗauko ta a 380 da batir biyu. Kuma ina jajanta wa Baban Ummi, amma a faɗi gaskiya, kuskuren nasa ne. Duk wanda ya san sana'ar nan ba ya biyan kuɗi sai ya duba adadin harbi, ya ɗauki sararin sama da f/16, wato ya tsuke ƙofar gilashin sosai, ya ga ko ƙura ta zauna a ciki, ya haska gilashin da tocila ya ga ko ya yi fumfuna. Bai kamata labarin mutum ɗaya da bai san kan kaya ba ya hana yaro sayen kyamara ba. A bar masu cin abinci da ita su yi magana.

Baban Ummi

Malam Na Fagge, na yarda ban sani ba, kuma shi ya sa na rubuta, domin mai tambayar ma bai sani ba. Kai idan taka ta mutu kana da ta biyu a jaka. Shi da ni guda ɗaya muke iya saya. Farashin da na biya kuma ba zai amfani kowa ba yanzu, tun kafin darajar naira ta faɗi a 2023 ne.

Tsohon Mai Hoto

Na Fagge, ka sassauta harshe, mutum yana maganar mahaifinsa. Kuma kai ma ba ka amsa tambayar ba, an ce maka ba biki ake nema ba ka kawo maganar amare. Hoton titi ba girman kyamara yake so ba. Babbar kyamara a Kurmi tana sa kowa ya gyara tsayuwa, ko ya juya baya, ko ya ce sai ka biya.

Na Fagge

Baba, ina girmama ka, amma zamanin fim daban, na yanzu daban. Yaushe rabonka da ka shiga kasuwa da kyamara a wuya?

Malama Mai Zane

Da izinin manya. Na lura har yanzu babu wanda ya taɓa riƙe na'urorin da ɗan'uwanmu ya ambata, ni kuwa na yi amfani da duka biyun. Epson L805 kala shida gare ta, tana bugawa har girman A4, kuma hotonta yana da kyau ƙwarai, amma na'ura ce mai son aiki kullum. Na yi tafiya ta wata biyu a lokacin hunturu, na dawo na tarar kanta ya toshe, na ƙarar da tawada mai yawa wajen wanke shi kafin layukan da ke ratsa fuskokin mutane su ɓace. Ga kuma matsalar wuta, idan aka ɗauke ana tsakiyar bugu takardar ta tashi a banza.

Selphy ba ta da tawadar ruwa da za ta bushe. Da zafi take aiki, takarda ta shiga ta fita sau huɗu: ruwan ɗorawa, ja, shuɗi, sannan wani siririn rufi da ke kare hoton daga ruwa da yatsu. Girman kati kawai take yi, kuma kwalin takardarta guda 108 ne tare da ribon ɗinsa, saboda haka kana iya lissafa abin da kowane hoto zai ci maka. Hoton kati mai inci 4 da 6 bai buƙatar fiye da megafiksel 2 da 'yan kai, don haka wayarka ta isa. Na taɓa bugawa wata mai ƙosai nata a gabanta, ta tsaya tana kallon fuskarta tana fitowa kala bayan kala, ta goge hannunta a zane sau uku kafin ta karɓa.

Amma akwai abin da ya sa na rage fita. Hoton wata yarinya mai tallar gyaɗa da na ɗauka da izinin mahaifiyarta, na sa a Instagram, wani shafi ya kwashe, ya yanke sunana, ya rubuta cewa marainiya ce a taimaka, har da lambar asusu. Yarinyar nan iyayenta duka suna raye. Ni na je gidan na ba da haƙuri, kuma uwar ta ce kada in ƙara tsayawa a kan 'yarta.

Bakatsine

Subhanallahi. Ni ma an ɗauki hoton da na yi wa Hasumiyar Gobarau an buga a kalanda ba a ko sanar da ni ba. Da na yi magana sai aka ce ai a intanet aka tsinta.

Hajiyar Gwale

To ku ma masu ɗaukar hoton ku ji tsoron Allah. Sau nawa kuke tambayar mutum kafin ku ɗauka? Ni na ga hotona a Facebook ina cinikin atamfa a Kantin Kwari, ban san wanda ya ɗauka ba, sai da maigidana ya nuna mini.

Na Fagge

A nan kam ina tare da Malama. Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma hoto yana cikin abin da ta kare, amma wa zai bar aikinsa ya bi shafin da ba a san mai shi ba? Ni yanzu a tsakiyar hoto nake sa sunana, ko da zai ɓata shi.

Tsohon Mai Hoto

Suna a tsakiyar hoto zai kare mai ɗauka, Na Fagge, amma ba zai kare yarinyar ba. Hajiya ta yi gaskiya. A da nagetif yana cikin durowata, babu mai wanke hoton matar wani sai da saninta.

Ɗan Ƙofar Mata

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifin Baban Ummi. Hajiya, ina tambaya kafin in ɗauka, amma na yarda ban taɓa tambayar kowa kafin in sa a shafina ba, kuma daren nan zan sauke na yara. Malama, don Allah ana samun takardar Selphy a nan Kano a kai a kai, ko sai an aiko daga Legas? Mai a6000 ya ce zuwa Juma'a zai jira ni.

Malama Mai Zane

Hajiya, ki tura mini sunan shafin da ya sa hotonki ta akwatin sirri, mu haɗu mu kai ƙorafi a sauke shi. Nawa sai da mutum goma sha ɗaya suka kai ƙara kafin aka cire, kuma har yau yana yawo a wasu shafukan.