Tsirkiyoyin mandolin sun yi nisa da wuya, yaya zan gyara?

Mai Koyo: Assalamu alaikum. Na sayi mandolin na hannu, wato ƙaramin abin kiɗa mai kama da jita, amma tsirkiyoyinsa takwas sun yi nisa da wuya har yatsuna suna ciwo, kuma sautin yana kaucewa idan na danna kusa da ƙoƙo.

Tsohon Makaɗi: Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da jakin da tsirkiyoyi suke hawa, domin ba a manne shi ba, nauyinsu ne kawai yake riƙe shi. Sassauta tsirkiyoyin, ka juya ƙananan faya-fayan nan biyu masu murɗawa na jikin jakin, har tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 (cikin ƙarafan da aka gitta a wuya) ta sauko kusan milimita 1.5 zuwa 2. Daga nan ka danna wurin ka saurara: idan sautin ya yi sama fiye da yadda ya kamata, ja jakin baya kaɗan, idan kuwa ya gaza, matso da shi wajen wuya.

Masassaƙi: Malam ya yi gaskiya, sai dai a ganina bai kamata a taɓa jaki ba tukuna sai an sa sababbin tsirkiyoyi, ɗaya bayan ɗaya, kada jakin ya goce. Kuma da hunturu a riƙa ajiye mandolin ɗin cikin akwatinsa, saboda bushewar iska tana tsaga katako.