Wa zai warware mini zancen kadirin a kansar tsoka?

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman manyanmu likitoci. Ina karatun likita nan Damagaram, an ba ni ekspoze (jawabin da zan gabatar a aji) kan rabdomiyosarkoma, kansar tsoka da ta fi kama yara, wallahi na maƙale wuri ɗaya. Na gane kadirin wasu furotin ne iri-iri (N, M, P) da ke manne ƙwayoyin halitta da juna, M-kadirin ma na taimaka ma ƙwayoyin tsoka su haɗe su zama zare, to a wannan kansar N-kadirin da M-kadirin na raguwa, wannan ya shiga kaina. Amma P-kadirin fa? PAX3-FOXO1 (wani haɗaɗɗen furotin da ake samu a wani nau'in wannan kansar) na ƙara shi, kuma sai ƙwayoyin su ƙara yawo suna mamaye nama. Ta yaya abin mannewa zai sa su tafiya, ta Cdc42 (furotin da ke daidaita motsin ƙwayoyin halitta) ne ko me? Don Allah a fahimtar da ni.