Neman kalmar Hausa: me za mu kira sashen da ke buɗe shirin talabijin?

Daga Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan sunan da ya dace da ɗan gajeren sashen nan na minti ɗaya ko biyu da ke zuwa a farkon kowane kashi na shiri mai dogon zango, inda kiɗa iri ɗaya ke tashi kullum, hotuna na wucewa, sunan shirin da sunayen 'yan wasa na bayyana. Turawa na ce masa title sequence, Masarawa na cewa titir, wanda suka aro daga Faransanci, mutanen Sham da na ƙasashen Tekun Fasha kuwa shara suke cewa. Wannan ta ƙarshe ita ce a bakin 'ya'yanmu a nan Saudiyya, musamman waɗanda suka tashi da tashar Spacetoon tun daga shekarar 2000, suka haddace waƙoƙin da Ɗariƙ Al-Arabi Ɗurƙan ya tsara wa shirye-shiryen yara. Sai dai ba za mu iya aro ta ba, domin shara a Hausa abin da ake kaiwa bola ne, kuma duk wanda ya rubuta cewa sharar wani shiri ta burge shi, mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ɗauka zagi ne.

Abin da ya sa buƙatar ta matsa mini shi ne ina rubutu a kan wata al'ada ta masu shirya wasannin talabijin, ta sauya wannan sashe idan kashi na musamman ya zo. A shirin The X-Files na Amurka, akwai jimla guda da ke fitowa a ƙarshen sashen kullum, mai cewa gaskiya tana can waje, amma a kashin ƙarshe na zangon farko, a 1994, sai aka musanya ta da gargaɗin kada a yarda da kowa. A shirin Fringe kuma launin sashen shuɗi ne, amma idan labarin ya koma wata duniya mai kama da tamu sai ya zama ja, kuma a wani kashi na 2010 da ya koma shekarar 1985, an sake tsara hotunan da kiɗan gaba ɗaya da salon kwamfutocin wancan zamani. A kowane ɗayan waɗannan, mai kallo ya samu labari tun kafin wani ɗan wasa ya buɗe baki, kuma ya same shi ne domin ya saba da yadda abin yake kullum. Saboda haka kalmar da nake nema dole ta nuna abin da aka san shiri da shi, wanda ake maimaitawa har ya zauna a kunne da ido. Ni dai zuciyata ta karkata ga kalmar take, amma ina son jin ta bakinku.

Daga Madina:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina koyar da yara, kuma ina da ja a kan take. A rubutun Hausa na yau take ya riga ya zama sunan littafi ko kan magana, muna cewa maƙala mai taken kaza, taro mai taken kaza. Idan ka rubuta cewa an sauya taken shiri, da yawa za su fahimci cewa sunan shirin aka sauya. Me zai hana a ce mabuɗi, ko shimfiɗa? Ko kuma muƙaddima, wadda malamanmu suka daɗe da sani, wadda kuma ita ce ke rubuce a maɓallin tsallake wannan sashe a manhajar kallo ta Netflix ga mai kallo da Larabci.

Daga Makka:

'Yata, hujjarki tana da ƙarfi, amma bari in ɗan yi tsokaci a matsayin wanda ya girma a cikin makaɗa kafin Allah ya kawo shi wannan gari. Take tun asali kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ko ƙungiya. Sarki na da takensa da ake bugawa da tambari ko a busa da algaita, mahauta na da nasu a kalangu, manoma da 'yan dambe kowa da nasa. Mace tana cikin gida, ba ta leƙa waje ba, amma da ta ji an ɗauko taken wane ta san wanda ke tafe. Kirari da baki ake yin sa, take kuwa ganga ce ke faɗar sa, kuma amfaninsa duka yana cikin maimaitawa, domin taken da ba a saba da shi ba bai zama take ba tukuna. Daga nan ne muka samu taken ƙasa, kuma ma'aikatan rediyo sun daɗe suna kiran kiɗan da ke buɗe shiri da wannan suna.

To ki auna sauran kalmomin da wannan ma'auni. Shimfiɗa da muƙaddima bayani ne da ake yi kafin a shiga magana, kuma kowace magana da tata shimfiɗar, babu wanda ke sa ran ta yau ta zama irin ta jiya. Idan haka ne, cewa an sauya shimfiɗa ba labari ba ne. Mabuɗi kuma ya faɗi wurin da abin yake, wato farko, amma bai faɗi aikinsa ba. A gidanmu nan cikin azumi, shekaru da dama, ana idar da buɗa-baki yara na tsakar gida, da zarar kiɗan Ɗash ma Ɗash ya tashi sai ka ga sun watsar da abin da ke hannunsu sun yi falo a guje, babu wanda ya kira su. Shirin barkwanci ne na Saudiyya, na 'yan wasa Nasir Al-Ƙasabi da Abdullahi As-Sadhan, wanda ya fara a 1993, kuma abin da wannan kiɗa ya yi wa yaran shi ne ainihin aikin take. Ma'anar nan ta suna da kika ambata ma ba ta rage masa komai ba, tun da a cikin sashen ne ake nuna sunan shirin.

Daga Riyad:

Baba ya gama magana a kan kunne, ni kuma aikina tace bidiyo ne, don haka ina roƙon a duba ɓangaren ido. A shirin Game of Thrones, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2019, kiɗan Ramin Djawadi bai sauya ba, taswirar da ake nunawa ce ke sauyawa gwargwadon garuruwan da labarin ya shafa, har ma bayan an ƙona garin Winterfell sai aka riƙa nuna hayaƙi na tashi daga cikinsa. The Simpsons, shirin zane a kan wani iyali, wanda ya fara a 1989 kuma tashar MBC ta nuna shi da Larabci a azumin 2005 da sunan Al-Shamshun, yana da gurbi biyu da ake yawan sauyawa, abin da yaron gidan ke rubutawa a allo da yadda iyalin ke zama a kujera, sannan a 2013 aka bai wa darakta Guillermo del Toro ya sake tsara sashen duka don kashinsu na ban tsoro na shekara-shekara. Wani lokaci ma rubutun kawai ake taɓawa, kamar a shirin Friends a 1999, inda aka ƙara Arquette a sunan kowane ɗan wasa saboda auren 'yar wasan shirin Courteney Cox da David Arquette. Ina goyon bayan take, amma da sharaɗin mu yarda cewa ya haɗa kiɗa da hoto da rubutu, idan kuma ana son warewa a ce kiɗan take, hotunan take, sunayen take.

Ina kuma roƙon kada mu cakuɗa shi da maƙwabtansa. Tunatarwar abin da ya faru a kashin baya waiwaye ce, kuma ɗan guntun wasan da ake sakawa kafin kiɗa ya tashi somin-taɓi ne.

Daga Madina:

Na gamsu da bayanin Baba a kan maimaitawa, kuma na janye shimfiɗa da muƙaddima. Amma ruɗanin da na faɗa yana nan, domin ɗaliba ta karanta jimla ita kaɗai, babu Baba kusa da zai yi mata bayani.

Daga Jidda:

Gaskiyarki ce, Malama, kuma ina ganin maganinsa ƙarin kalma ɗaya ne. A ambaton farko a rubuta taken buɗewa, wanda ba zai yiwu a ɗauke shi a matsayin suna ba, wanda kuma ya ba mu taken rufewa kyauta ga sashen ƙarshe da ake jera sunayen ma'aikata. Bayan an ambace shi sau ɗaya, take kawai ya isa, sunan shiri kuma a ci gaba da ce masa suna. Game da sauyin da ya jawo wannan tattaunawa, misalan ƙanenmu na Riyad sun nuna mini cewa iri biyu ne da bai kamata a ba su suna ɗaya ba. Wanda aka gina shi tun farko da gurbin da ke sauyawa, kamar taswirar nan ko allon yaron, take mai sauyawa ne, kuma mai kallo na jiran sauyin. Wanda kuwa aka saba da shi a tsaye, aka taɓa shi rana ɗaya saboda biki ko rasuwa ko juyin labari, shi ne take na musamman, kuma ƙarfinsa na zuwa ne daga rashin tsammani. Jimlar da ta tsaya mini a rubutun, a kan The X-Files, yanzu za ta zama haka: a kashin ƙarshe na zangon farko, masu shirin sun sauya taken buɗewa, suka sa take na musamman. Maɓallin tsallakewar nan kuma, ga duk wanda zai fassara manhajar kallo zuwa Hausa, a rubuta masa "tsallake take".