Taƙaitawar shawarwari kan zaɓen manhajar sarrafa rumbun bayanai

Ga abin da 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka suka faɗa bayan tambayar da aka yi kan manhajar kwamfuta da ta dace da ofishin da ke ajiye bayanan alhazai da masu Umra.

1. An haɗu a kan cewa sai an san irin rumbun da ake da shi kafin a zaɓi manhaja. PostgreSQL da MySQL da SQL Server duk nau'o'in rumbun bayanai ne, kowanne da manhajar da ake sarrafa shi da ita: mai PostgreSQL yana da pgAdmin, mai MySQL yana da MySQL Workbench, mai SQL Server kuma yana da SSMS, amma SSMS a Windows kaɗai take aiki.

2. Mafi yawa sun yaba DBeaver, domin kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana haɗuwa da rumbuna daban-daban a taga ɗaya. Waɗanda kwamfutarsu ta tsufa sun ce tana da nauyi saboda an gina ta da Java, wani harshen rubuta manhaja, don haka suka fi son HeidiSQL.

3. An fi daɗewa a kan maganar rubutu. Sunayen Larabci da haruffanmu irin su ƙ da ɗ sukan koma alamomin tambaya idan ba a saita rumbun da UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa da ke ɗaukar rubutun harsuna daban-daban, wanda ake zaɓa da sunan utf8mb4 a MySQL. A ganina, wannan ya fi zaɓen manhajar kanta muhimmanci.

4. Ra'ayi ya rabu kan Microsoft Access, manhajar rumbun bayanai ta kamfanin Microsoft. Wasu sun ce ya ishi ƙaramin ofishi, wasu kuma sun tunatar cewa fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2.