Ƙanena yana Zawiya, ya ce in saida filin gado ya hau ruwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a sakaya sunana. Kwana huɗu ke nan ban runtsa ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili ɗaya a bayan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi. Mu uku ne, ni da ƙanwata da autanmu namiji. Filin nan sai da muka shekara biyu muna ja-in-ja da baffanmu a kansa, wai da kuɗinsa aka cika aka saya. An je gaban mai unguwa, an je gaban malamai, sau biyu ana tuge dutsen iyaka da dare, har hawan jini ya kwantar da inna. Matarsa ko gaisuwata ba ta amsawa har yau, ko a gidan biki muka haɗu. Da ƙyar takarda ta fito, yanzu tana ƙasan akwatina cikin zannuwan aurena.

Shi auta da yana ɗauko kaya daga Jibiya ta Ɗan Isa. Da aka rufe iyaka a 2023 ya koma kabu-kabu, aka sace babur ɗin, kuma ba nasa ba ne. Sai ya bi Agadas ya shiga Libiya. Yanzu yana Zawiya yana aikin gini. Ya kira ni ya ce akwai jirgi, jikka 900, in ya sauka Lamfedusa, tsibirin Italiya, zai nemi mafaka ya ce 'yan bindiga suka kore su. Ba ƙarya ce duka ba, ƙauyen inna wajen Madarunfa an kwashe shanunsu.

To ina ji a rediyo Turawa na ta rigima kan masu zuwa ta ruwa. Gaskiya ne suna ba da takarda? Ko mayar da shi za su yi?

Mushen lakwal, Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, saurara da kyau, don na daɗe ina bin maganar nan. Mafaka ba sadaka ba ce, doka ce. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ake farauta saboda launinsa, addininsa, ƙasarsa, ra'ayin siyasarsa ko rukunin mutanen da ya fito. Talauci ba ya ciki, satar babur ba ta ciki. Za a zaunar da shi gaban kwamiti da tafinta, a tambaye shi sunan mai garin, ranar kasuwar garin, daren da aka shigo. Yaron da ya tashi a birnin Maradi zai iya? Kuma za su ce in ƙauye ba lafiya, me ya hana shi zama Yamai?

Sannan ki san wa ke mulki can Italiya. Giorgia Meloni ta hau a Oktoban 2022, kuma da alkawarin tsaida jiragen nan ta nemi ƙuri'a. A Fabrairun 2023 jirgi ya fashe dab da gaɓa a Kutro, mutum 94 suka mutu, da yara a ciki. Amsar gwamnati ita ce ƙara tsaurara doka. Kada ki saida komai.

Tsohon direban Dirku: Mushe ka ambaci doka ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ni da motata nake kai fasinja daga Agadas zuwa Dirku, hanyar Libiya, a bainar jama'a, ranar Litinin mu tashi da rakiyar soja. Aka kawo dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure don a faranta wa Turawa rai, rana ɗaya muka zama masu laifi. Hilux ɗina aka kama, ta ruɓe a rana, tayoyin suka nutse cikin rairayi. Direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya inda babu rijiya, nan mutane suka riƙa mutuwa. Janar Tiani ya soke dokar a Nuwamban 2023, na ji daɗi, amma wa ya biya ni motata?

Wani matashi, Bagalam: Yaya ki tura mishi kuɗinsa, ai yana da gado a ciki, kason namiji ma. Mu nan tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara ke kwararowa Gidan Runji, muka raba gero da su, ba mu kai su wata ƙasa mun tsare ba. Turawan da suka kwashi uraniyom ɗin Arlit shekara da shekaru, yaro ɗaya ne zai gagare su? Zama wuri ɗaya tsautsayi.

Mushen lakwal, Zariya: Yaro, teku ba ta san uraniyom ba. Kuma ba Italiya kaɗai ba ce. Ingila a 2022 sama da mutum 45,000 suka ƙetara musu daga Faransa a ƙananan jirage, suka ce za su riƙa kai su Ruwanda, kotun ƙolinsu ta ce ya saɓa doka a 2023, sabuwar gwamnati ta soke shirin a 2024. Italiya ta gina sansani a Albaniya, alƙalanta suka yi ta dawo da mutanen. Faɗansu ne na cikin gida, masu neman ƙuri'a da masu kare haƙƙi, ƙanenta kuwa ƙwallo ne a tsakiya. Abin da ba wanda ya gaya mata: tun 2017 Italiya ke tallafa wa masu gadin tekun Libiya. In suka tare jirgin, kurkuku za a kai shi, sai a kira ki kina jin kukansa a waya a ce ki turo kuɗi. Fili na biyu gare ki?

Mai tambaya: Mushe na gode, amma ba ka san shi ba. Ba yaron banza ba ne, duk Sallah yana aiko wa inna. Kuma ya ce jirginsu na katako ne, ba na roba ba, mai haɗa tafiyar ma Bahaushe ne. Ku da kuke cewa ya dawo, ya dawo ya yi me? Mai babur har yanzu yana zuwa ƙofar gida.

Mushen lakwal, Zariya: Jirgin da ya nutse gaban Lamfedusa ranar 3 ga Oktoba 2013 da mutum 368 shi ma ba na roba ba ne.

Ɗan Tibiri a Italiya: Hajiya, ni ta ruwan na zo. Ba zan ce ki tura ba, ba zan ce ki hana ba. Da ka sauka za a ɗauki zanen yatsunka, ko ka gudu Jamus nan za a nemi dawo da kai. Bayan kwana 60 da shigar da takarda an yarda ka yi aiki, amma aikin tsinkar tumatir ne a gonakin Fojiya, kwana a ɗakin kwali da leda. An ƙi ni karon farko, na ɗaukaka ƙara, na yi shekaru ina jira. Na gina wa tsohuwata ɗaki biyu, gaskiya ne. Jana'izarta kuma a waya na gani. Wanda muka zauna gwiwa da gwiwa a jirgi, man fetur da ruwan gishiri suka saɓule mishi fatar cinya.

Uwar 'yan biyu: Ke dai kina jin muryar naki. Mijina daga Sabha ta Libiya ya kira ya ce jibi za su gangara bakin ruwa, shekara uku ke nan. Na kai hotonsa ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, shiru. Ni ba mai aure ba, ba mai takaba ba. Danginsa kuma sun ce ni na zuga shi. Tambaya ɗaya: innarku ta sani? Ƙanwarki fa, ta yarda a saida kasonta?

Wani almajiri: Baiwar Allah, arzikin da aka fara da ƙarya gaban hukuma, a duba. A yi istihara.

Mai tambaya: Inna ba za ta iya ɗauka ba, na ce hawan jini gare ta. Ƙanwata tana ɗakin mijinta a Tasawa, zan yi mata bayani daga baya. Kuma ba wai na saida ba ne, kafin alƙalami kawai na karɓa, jikka 400, su na tura mishi makon jiya don kada a ba wani wurinsa. Ɗan Tibiri don Allah, rigar nan mai hana nutsewa a ruwa, a can ake saye ko su ke bayarwa?

Mushen lakwal, Zariya: To shawarar me kike nema tun farko?

Tsohon direban Dirku: Filin gefen kwalta yake ko ciki? Nawa aka taya?